Bututan da Waliyyu Ya Ba da Aro

Waliyyu taubashina ne, ɗan gwaggona, don haka ina da ikon in faɗi abin da na ga dama a kansa, shi ma ya rama. Tun muna yara a Tungar Audu, wani ɗan ƙauye da ke bayan Jiga Birni, ban taɓa ganin ya gama ƙwaryar fura a zaune ba. Zai kurɓa, ya miƙe, ya leƙa waje, ya dawo ya ƙarasa a tsaye. Gwaggo takan ce ko a goye ba ya barin bayanta ya huta. Da ya girma sai ƙaiƙayin ya sauka ƙafa. Ya yi kabu-kabu a Jega, ya bari. Ya bi motocin albasa zuwa Kurmi, can kudu, ya dawo da tari da wata hula mai ban dariya. Ya koyi aikin gini a Maiyama, bai kai ga iya jera bulo a miƙe ba ya gudu. Ya sayar da kifi, ya sayar da maganin ɓera, har aski ya taɓa, amma mutum ɗaya ya aske aka roƙe shi ya rufa wa jama'a asiri. Fadamar da mahaifinsa ya bar masa kuwa tana can ƙarshen fadamun gari, ciyawa ta cinye ta. Wurin rairayi ne, duk rijiyar da aka haƙa ba ta kai tsakiyar rani sai ta rufta, shi kuma ba mai haƙurin sake haƙa ba ne.

Matarsa Zinatu ba ta ɓoye abin da ke ranta. In aka tambaye ta ina maigidan, sai ta ce, "Wane maigida? Ni baƙo nika aure. In ya zaka in ba shi ruwa, in ya tashi in ce a sauka lahiya."

Tsakanin ƙauyenmu da babban titi akwai Kwarin Marke. Da rani ko akuya ba ta kula da shi. Da damina kuwa ruwa yake kwasowa daga tudu da ƙarfi, ya raba mu da duniya. Mota ba ta shigowa. Albasar da muke jibgewa a rudu, wato rumfar kara da ake ajiye ta ana jiran kasuwa ta yi kyau, sai kasuwar ta yi kyau a Aliero alhali tamu tana ruɓewa muna jin warinta. Saboda haka ranar da aka kafa allon kwangilar hanya a bakin titi, har guɗa mata suka yi.

An tara mu a gindin marken da kwarin ya ci sunansa, aka yi mana bayani dalla-dalla. Da kunnena na ji. Za a fara da kwalbati a kwarin, domin nan ne ciwon yake. Daga nan a cika hanya da jar ƙasa, a daddanne, sannan a zuba kwalta. Tsari mai kyau, ko ni mai injin niƙa na gane shi. Amma da aka tashi aiki sai aka fara shimfiɗa kwalta daga bakin titi, inda motocin manyan baƙi ke tsayawa a ɗauki hoto. Can kuma wani ya ce a aika gireda ta kankare ta wajen ƙauye, kada mutane su ce an manta da su. Aka yi kai, aka yi wutsiya, aka bar tsakiya. Wata rana manyan motoci suka zo suka sauke bututan kwalbati a gindin marke, manya-manyan zobban siminti waɗanda mutum ke iya shiga ciki ya tsuguna, tun ba a haƙa ramin da za a sa su ba.

Sanusi, heluman aikin, wato shugaban leburori, ya ce yana neman mai gadi. Waliyyu ne ke wucewa, kamar kullum, aka ɗauke shi. Da na ji, sai da na kashe injin don in yi dariya sosai. Duk garin nan an rasa wanda za a ba aikin zama sai shi.

"Kai da gadi?" na ce masa. "Su bututan za su yi gadinka dai."

"Yi ta dariya, ɗan kawu," ya ce. "Ka taɓa jin an ba ka amanar ko da buhun dusa?"

Ruwan fari na sauka aka loda katafila da rola a kan tirela, aka ce an tura su wani aiki wajen Maiyama. Sanusi ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Waliyyu, ka kula da su. Amana ce. Muna dawowa bayan salla." Salla ta zo ta wuce, babbar ma ta wuce. Damina ta cinye jar ƙasar da aka zuba ta wajenmu, kwaltar bakin titi ta fara ɓantarewa daga gefe. Babu wanda ya dawo, babu wanda ya aiko a ce masa ya tashi.

Abin da ya ba kowa mamaki, bai tashi ba. Zama dai bai iya ba, don haka zagaya bututan yake yi, safe da yamma, har ƙafarsa ta fitar da 'yar hanya kewaye da su. Ya kori awaki, su dawo. Ya hau wannan, ya diro, ya share wancan. Ni a ganina, a duk yawonsa ba a taɓa ce masa ga amana ba sai ranar, kuma kalmar ta shige shi fiye da yadda muka zata.

To, a wajenmu akwai abin da ba a yi. Ba a hana maƙwabci aron abin da ke ajiye ba a amfani da shi. Tsani, garma, amalanke, babbar tukunyar biki, duk yawo suke gida-gida. Wanda ya hana, za a daɗe ana tuna masa. Wanda aka ara wa kuma ya ƙi maidowa ranar da mai abu ya aiko, ya zubar da mutuncin gidansu. Haka muka tashi muka tarar.

Hamidu ne ya fara zuwa. Bafulatani ne, rugarsu ta daɗe a gefen fadama tun zamanin kakanni. Ya yi sallama, ya jingina da sandarsa, ya daɗe yana kallon bututan.

"Waliyyu, rijiyar shanuna ta sake ruhtawa," ya ce. "Ga abubuwan ga kwance, awaki na kwana ciki. Ara mini biyu."

"Hamidu, ba nawa na ba. Amana ta anka ba ni."

"Na sani. Ba kyauta nic ce ba, aro nic ce. Randa masu su sunka zo, ka aiko, in maido."

Akwai abin da Hamidu bai faɗa ba, kuma ba zai taɓa faɗa ba. Lokacin da Waliyyu ke jariri nonon gwaggo ya ƙafe, mahaifin Hamidu ne ya ɗaure saniya a gidansu aro, aka yi ta tatsa har aka yaye shi. Kowa a garin ya san wannan. Waliyyu ya zagaya marke, ya sake zagayawa, ya cire hula ya mayar, sannan ya ce a kawo shanu a ja.

Dabarar ba ta da wuya. A kafa bututu a tsaye kan rairayi, mutum ya shiga ciki yana haƙa yana miƙo ƙasa, bututun yana nutsewa da nauyinsa. In ya shige a ɗora wani a kai. Rijiyar Hamidu ta tsaya cak, ruwa garau, ta ƙetare rani ba ta motsa ba. Mu da muka saba aron abin da ake saɓawa a kafaɗa a mayar, babu ɗayanmu da ya tsaya ya tambayi yadda ake maido abin da aka binne a ƙasa.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Wanda ya ara wa Hamidu, da wane ido zai hana ɗan liman? Da wane baki zai hana tsohuwar da rijiyarta ta rufta da injin ban-ruwa a ciki? Kowa ya zo da kalma ɗaya, "aro na," Waliyyu ya zagaya marke, ya ce a ja. Kafin wata damina ta kewayo, uku suka rage.

Zinatu ce ta same shi da maganar. "Kowa ya ara, kai ka rage. Fadamar babanka na can macizai na haihuwa ciki. Ko kai ba maƙwabcin kanka ba ne?"

Ya zo har wurin injina ya ja ni zuwa gindin marke, wai in zama shaida. Ya tsaya gaban bututan nan uku, ya ɗaga murya kamar akwai mai sauraro, ya ce, "Yahaya, ka ji da kunnenka. Aro na. Randa anka zo nema, ni za ni hwara maidowa." Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce na shaida.

Abin da ya biyo baya shi ne abu mafi kyau da na gani a rayuwar taubashina. Rijiyar ta tsaya, shi ma ya tsaya. Ya sassabe fadamar, ya ja fangali, ya yi dashe. Rashin zaman yana nan, amma yanzu a cikin gona yake yinsa: daga wannan fangali zuwa wancan, ya buɗe ruwa nan, ya toshe can, ya cire ciyawar da ba ta gama fitowa ba. Albasa kuwa irin mutumin da take so ke nan. Ranin farko rabin fadamar ya shuka, ya cika rudu ɗaya, karon farko da ya ga ƙarshen wani abu da ya fara. Rani na biyu ya dasa ta kaf, har bakin iyaka. Zinatu ta yi ƙiba. Ta zo niƙa wata rana ta ce mini, "Yahaya, baƙona ya zama miji." Na ji daɗi har raina, ko da yake ban gaya masa ba.

Albasar ta yi kore shar, ta fara ɗaura kai, lokacin da ba ta yafe ƙishin ko kwana biyu, sai muka ji rugugin katafila daga wajen titi. Kamfani ya dawo. Wani direban tifa ya tsaya shan ruwa ya ce an ba su umarni a gama kwarin kafin ruwa ya sauka.

Waliyyu ya sha jinin jikinsa. Ya tambayi direban ina Sanusi, ya ce bai san wani Sanusi ba. Ya tambaye shi yaushe za a sa bututai, ya ce shi ƙasa kawai yake ɗauka. Washegari ya hau babur ya nufi sansanin ma'aikata a Aliero, don ya faɗi gaskiya ya roƙi a jira a cire albasa. Aka ce injiniya yana Jega. Ya je Jega, aka ce ya wuce duba aikin Maiyama. Ya je Maiyama, aka ce yanzun nan aka kira shi taro Birnin Kebbi. Duk wanda ya tara da zancen bututai sai ya ɗaga kafaɗa: mai rola ya san rola, mai awo ya san awo, magatakarda ya ce ba sashensa ba ne. Ya yi wannan zagayen ba sau ɗaya ba, yana dawowa da la'asar ya ruga fadama ya ba albasa ruwa, idanunsa jajir.

Da ya gaji sai ya tsayar da mutane a ƙofar masallaci. Ya ce masu abu sun zo, lokacin maido aro ya yi. Kowa ya sunkuyar da kai. Wani ya ce a bari a cire albasa tukuna. Waliyyu ya ce kamfani ba ya jiran albasa. In suka zo kwari ba su ga bututai ba, za su loda kayansu su tafi kamar wancan karon, a sake damina a yanke, kuma har jikoki za a riƙa cewa Waliyyu ne ya cinye hanyar Tungar Audu. Sai wata murya daga baya ta ce, "To ai kai ma naka na cikin ƙasa."

Waliyyu ya juya. Ya sa takalmi ya tafi, na bi shi ina faɗa.

"Kai mahaukaci na? Mako nawa ya rage albasar ga ta nuna? Mutanen da sunka watsar da kai shekara da shekaru, su za ka kashe gonarka dominsu? Bari su zo su tambaya da bakinsu!"

"Kai ne shaida, Yahaya," ya ce, bai ko waiwayo ba. "Mi nic ce gindin marke?"

Sai na zage shi irin zagin taubasai, wanda ranar bai ba kowa dariya ba. Zinatu ba ta yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi masa, ko ya tabbata bututan nan ake jira. Ya ce in ba su ba, da mi za a yi kwalbati?

Hamidu ya kawo bijimai biyu. Aka aro sarƙa wajen wani bakanike, aka kafa itace uku bisa bakin rijiyar, aka haƙe gefe. Na sama ya fito da sauƙi. Na biyu ya ba da wuya. Na ƙasa sai da bijimai suka durƙusa, ya fito da ɓantaren baki, yana fitowa rairayi ya rufta da wani irin nishi, ruwan ya ɓace muna kallo. Aka mirgina su zuwa gindin marke. Waliyyu ya wanke musu laka da hannunsa, ya jera su inda suke tun farko. Hamidu ya ce nasa na biye, a bar shi ya nemi inda shanu za su sha. Sauran masu aro kuwa kowa gobe yake cewa.

Daga ranar Waliyyu bai ƙara tsayawa wuri ɗaya ba. Ya haƙa sabon rami, ya rufta. Ya sa tsohuwar ganga a ciki, rairayi ya matse ta. Rijiyoyin maƙwabta suna nesa da fadamarsa, kuma zafi ya shigo, ruwan kowa da ƙyar yake isarsa. Shi da Zinatu suka koma jido da jarka a kan amalanke, abin da bai fi jiƙa fangali biyu ko uku ba. Ganyen ya fara ja daga baki, ya yi laushi, ya kwanta, kawunan ba su wuce ƙwan zabo ba. In na wuce ta wurin kau da kai nake yi, don ba na iya kallo.

Ana cikin haka wata safiya motoci suka tsaya a kwari, aka fara sauke rodi da katako da injin kwaɓa siminti. Wani saurayi mai farar hular kwano ya fito, aka ce shi ne Injiniya Fahad. Waliyyu ya sheƙo daga fadama, laka har gwiwa, na biyo shi. Ya cire hula, ya gaishe shi, ya fara zuba bayani ba numfashi: shi ne mai gadi, shi ya ba da aro, laifinsa ne, ga uku ya maido, sauran ma za a maido, a yi masa haƙuri kaɗan.

Injiniyan yaro ne mai ladabi. Ya saurara har ƙarshe, amma da gani bai gane ba.

"Baba, waɗanne bututai?"

Waliyyu ya nuna.

"Au, waɗannan? Ai tun bara aka sauya zanen. An sake auna ruwan kwarin nan, ya fi ƙarfin bututu. Kwalbatin kankare za mu zuba, mai faɗi. Ba a gaya muku ba?"

Injiniyan ya sake duban bututan.

"Ba ma buƙatarsu," ya ce. "Sai dai a taimaka a gusar da su, nan za mu sauke tsakuwa. In akwai mai so ya ɗauka. Suna da kyau da rijiya, wallahi."

Ya faɗa ne da zuciya ɗaya, har da murmushi, ya juya wajen ma'aikatansa. Waliyyu ya ja da baya, ya zauna a kan bututun mai ɓantaren baki. Ya ci gaba da zama, hula a hannu, har rana ta take tsaka. Ni kuwa na tsaya gefensa. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, an yanke maganar nan a ofis shekara guda kafin ranar, kuma a cikin shekarar ba a samu mutum ɗaya da zai hau babur ya zo gindin marke ya faɗa ba. Tafiyar ba ta kai ta sayo man inji ba.

Kwalbatin dai an gama shi kafin ruwa, kuma mai kyau ne, ba zan yi ƙarya ba. Kwalta har yanzu ba ta haɗe ba, an ce sai wani zagayen, amma mota tana shigowa. Waɗanda suka yi ta cewa gobe sun cire albasarsu lafiya, sun cika rudu, da damina manyan motoci suka zo har ƙofar gida suka kwashe. Hamidu ya kawo bijimai ya ce a mayar da bututan fadama, Waliyyu ya ce a bari. Aka dai tura su gefe, bayan marke.

Wata safiya cikin damina ina zuba dawa a inji, na hango mota tana hawa sabon kwalbatin, ta yi lodin albasa har sama. A kan buhunan akwai mutum a tsaye, yana riƙe da igiya, da wata hula mai ban dariya. Ban ɗaga masa hannu ba, shi ma bai dubi wajena ba.

Da hantsi Zinatu ta zo da ƙwaryar gero. Ta ajiye, ta tsaya tana kallon bel ɗin inji yana juyawa.

"Baƙona ya tahi," ta ce.

Na ce na gani.

Na niƙa mata, ta ɗaure bakin ƙwaryar, ta aza a ka. Har ta kai ƙofa ta juyo.

"Kai ka san direbobin ga, Yahaya. In ka samu mai zuwa Kurmi, ka aika mishi. Ka ce na aje irin albasa, kuma rani na tahe. Ni kaɗai ba ni iya mirgina bututan."